Minti Hamsin da Biyu Zuwa Tarauni

Litinin, 7 ga Yuni, 1999
Kwana tara da rantsar da gwamnatin farar hula. Masaƙar da ɗana Mu'azu yake aiki ta sallami ma'aikata, har da shi. Sun karɓe babur ɗin kamfani. Tun farko aikin gwamnati na zaɓar masa.

Juma'a, 23 ga Yuli
Sakamakon jikata Hafsah ya iso. Daga ta biyu ta koma ta goma sha tara. Turanci 78, Lissafi 31. Shekara talatin ina sufeton makarantu, ba a ɓoye mini lalaci, kuma na gaya mata haka. Ta ce, "To, tsoho." Tsiyar da ta saba yi mini ma ba ta yi ba.

Talata, 5 ga Oktoba
Tana aji shida, jarrabawar shiga sakandare na tafe. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: lalaci ba ya zaɓen darasi guda. Na karɓi jadawalinta. Lissafi ne darasin farko kullum, ƙarfe takwas.

Laraba, 6 ga Oktoba
Tun Yuni uwarta Rabi ke suyar ƙosai a ƙofar gida. Hafsah ce mai kai niƙan wake, sai bakwai da rabi take kama hanya. Da, ubanta Mu'azu ke kai ta a babur. Yau na bi sawunta da ƙafa, agogo a hannu, daga Gyadi-Gyadi zuwa makarantarsu a Tarauni: minti hamsin da biyu. Na tarar da waɗanda suka makara durƙushe a bakin ƙofa, tana cikinsu, har aka kaɗa ƙararrawar darasi na biyu. Ta gan ni, ta kawar da kai. Wannan horo, na sha yaba wa hedimastoci a kansa cikin rahotannina.

Alhamis, 7 ga Oktoba
Gwiwata ta kumbura.

Litinin, 11 ga Oktoba
Motata Fijo ba ta fita sai ranar Juma'a, amma bakanike ya taɓa cewa batirinta na son a riƙa tayar da ita kullum. Bakwai da rabi lokaci ne da ya dace. Hafsah ta fito da jaka, ta tsaya.
"Tsoho, ka rikice ne? Yau fa Litinin."
Na ce ta kakkaɓe takalminta kafin ta shiga. Minti tara. Da na dawo, Mu'azu yana tsaye a zaure, ya fara, "Baba..." Na shaida masa maganar batir ce kawai.
Gobe ma batirin zai buƙata.