Tarwaɗar da Ba Ta San Lakarmu Ba

Isola, Mississippi
Litinin, 8 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Verlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai gwiwa ta hana ni sakat yau, kuma numfashi sai na zauna ake samunsa. Ban sake faɗuwa ba tun wancan karon, kada ki damu.

Wata magana ce ke cin raina. Kin san ranar Lahadi ta makon gobe, 21 ga wata, za a yi taron shekara na cocinmu, kuma kin san ba mai kai hannu ga soyayyen kifi sai na ɗanɗana na gyaɗa kai. Shekara talatin da ɗaya na yi a masana'antar gyaran kifi ina wannan aikin. A kawo tarwaɗa ɗaya daga tafki, a dafa ba gishiri ba mai, in na ji laka a bakina a mayar da motar kifin gaba ɗaya. Shi ya sa suka yarda da harshena.

Bana ma Wendell, ɗan marigayiya ƙanwata, shi zai kawo kifin daga tafkunan da na bar masa. Jiya ya aiko mini da faranti. Verlene, naman fari ne fat, siriri, yana narkewa kamar jiƙaƙƙen burodi. Tarwaɗarmu tana da tauri da ɗan zaƙin masarar da take ci. Wannan ba ta ɗanɗanon komai.

Na kira shi a waya na faɗa masa. Sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, harshenka ya yi ritaya tun kafin kai." Na ce masa harshen nan ne ya ciyar da shi lokacin da ba shi da haƙori.

Ki gaishe da kowa.

Mahaifinki,
Cleotis Hargrove

Alhamis, 18 ga Satumba

'Yata Verlene,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya tarin ƙaramar? Takardarki ta iso. Kin ce wataƙila maganin hawan jini ne ya sauya mini baki. Na yi wannan tunanin kafin ke, har na aje maganin kwana biyu, kada ki gaya wa likita. Kofi yana nan yadda na san shi, haka ma ganye da wake. Kifin ne kaɗai ya sauya.

Tun daga nan na koma zaman baranda ina lura. Motar abincin kifi takan wuce ta ƙofata zuwa tafkunan, bana ban gan ta ba ko sau ɗaya. Fararen tsuntsayen nan masu dogon wuya da ke tsaye a bakin ruwa suna mana sata, su ma sun daina bi ta nan. Tsuntsu ba ya barin wurin da akwai kifi.

Ozella mai suyar coci ta leƙo ranar Talata. Na tambaye ta ko kifin yana zuwa mata da fata da kai. Ta ce a'a, yankakke yake zuwa, a daskare, cikin leda marar rubutu. Na ce ina kwalin? Ta kalli takalminta ta ce Wendell ne ke tafiya da shi. Sai ta ce, "Cleotis, tsufa ya mai da kai ɗan sanda. Mutane na ci suna lashe yatsa." Amma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Na san abin da ya ci manoman garin nan. Kifin da ake shigowa da shi daga ƙetaren teku ya fi namu araha, rabin tafkunan gundumar nan sun koma gonar waken suya. Ban ce kowane kifin waje guba ba ne. Ana dai cewa wani ana kiwonsa da magungunan da aka hana mu taɓawa, ban gani da idona ba. Abin da na sani shi ne ban san ruwan da wannan ya sha ba, kuma jarirai da tsofaffi za su ci saboda Cleotis ya gyaɗa kai.

In tafkunan sun gagari Wendell, me ya hana ya faɗa mini? Ni na koya masa jan raga. Ba zan kore shi ba.

Na ce ya zo ranar Asabar da tarwaɗa ɗaya mai rai a bokiti, in dafa da hannuna. Ya ce, "To, Kawu, ka ɗauka na zo."

Naki,
Baba

Asabar, 20 ga Satumba

Verlene 'yata,

Ina gaishe ki, Ubangiji ya kiyaye ku. Yau jikin da dama, har aski na yi.

Tun safe na wanke farin farantin nan na mahaifiyarki, na goge injin ɗumama abinci, na kawar da gishiri daga tebur. Wajen ƙarfe biyu Ozella ta tsaya da mota, ta miƙo mini leda ta ce saƙon Wendell ne. Yankakken kifi ne, an riga an birkiɗe shi da garin masara da barkono da yawa. Wanda ya girma a gidana ya san ba a kawo wa mai ɗanɗano kifi da yaji, sai in akwai abin da ba a so ya ji.

Na rubuta wa Fasto layi biyu na ba ta ta kai. Na ce gobe zan zo sujada, amma ba zan ɗanɗana ba, ba zan gyaɗa kai ba. Ban ambaci sunan kowa ba. Zai tambaye ni dalili a gaban jama'a, na san shi, kuma ban taɓa yin ƙarya a kan kifi ba. Shi ya sa nake so yaron ya riga shi zuwa wurina.

Hannuna ya gaji. Ki sa mu a addu'a, mu biyun.

Mahaifinki,
Cleotis

Ƙari: na bar masa kujera a baranda har rana ta faɗi bayan gonar waken. Motoci uku sun wuce. Wendell bai zo ba.