Harbi na Biyu

Asabar, 9 ga Satumba

Yau na sauko da tsohuwar bindigata daga zaure, mai sakata, wadda Baba ya bar mini. Na je bayan gari na gwada. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta buge ni lokacin fashewar ƙanƙarar kogi, hannun damana ya zama baƙo a jikina. Rubutun nan ma da hagu nake yi, kamar tafiyar tsutsa.

Na ɗora ta a kafaɗar hagu, harbin farko ya fita lafiya. Sai jan sakata, abin da nake yi ido rufe tun ina yaro. Yatsun suka zame. Sai da na matse ta a cinya na ja da hagu. Kafin in gama, ko gurguwar tuttu ce, babbar barewar nan ta ƙasar ƙanƙara, ta yi nisa.

Matata Effie na tsaye a taga da na dawo. Babu komai a firiza sai kifi, kuma garken tuttu na nan tafe. In ban harbi nama bana ba, ban san me zan kira kaina ba.

Lahadi, 17 ga Satumba

Bayan coci Percy, taubashina, ya zo shan kofi. Na gaya masa zan sayi mai ɗura kanta, wadda ja ɗaya na kunama harsashi ɗaya, ita ke tofar da kwanso ta ɗauki wani. Ya yi dariya har da tari.

"Kai tsoho, abin wasan samari za ka saya? Waccan cikinta duk tarkace ne. Sanyi na kamawa za ta yi maka yaji. Mai sakata kuwa ko ta daskare, ka naushe ta da tafin hannu ta buɗe."

Na ce, "Da wane tafin?"

Ya dubi kofinsa. Na fi son zaginsa da wannan shirun.

Laraba, 4 ga Oktoba

Sabuwar bindigar ta iso a jirgin wasiƙu. Baƙa, ba nauyi, sai ƙanshin sabon mai. Na jingina ta a kan ganga na zazzage mata harsasai ɗaya bayan ɗaya, gwangwanin da na kafa yana ta tsalle. Wallahi na yi dariya ni kaɗai. Rabona da dariya tun kafin asibiti.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Garke bai tsallaka kogi ta wajenmu ba. An ja kwale-kwale tudu. Kifi yau ma.

Litinin, 13 ga Nuwamba

An ga tuttu bayan duwatsu. Jibi za mu fita da Percy a kan baburan ƙanƙara.

Kowa a garin nan ya sani, kafin sanyi sai ka wanke wa bindiga mai tas, ta bushe ƙayau, in ba haka ba man ya daskare ya riƙe ta. Ta Baba, sakata nake zarewa in ɗauraye da fetur, shi ke nan. Wannan kuwa akwai wani dogon ƙarfe mai sifirin a cikinta, sai an danne da hannu ɗaya an zare da ɗayan. Na yi ta fama a zaure har yatsuna suka mutu. Effie na ciki tana ɗinki, kira ɗaya ta fito. Ban kira ba. Na goge inda yatsa ya kai na rataye ta.

Da yamma Percy ya leƙo. "Ka wanke wa amaryar taka mai?"

Na ce, "Tun yaushe."

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Jiya ban iya rubutu ba.

Sanyin ya yi tsanani, har gashin hanci na daskarewa. Mun same su a wani kwari suna tonon abinci a dusar ƙanƙara. Percy ya zagaya ta can gefe, ya bar mini wuri mai kyau, na san da gangan ya yi. Na kwanta na ɗora bakin bindiga a kan kujerar babur. Wata mace mai ƙiba ta juyo mini gefenta, kamar ta zo musamman domina.

Na harba. Hannun banza ya motsa, harsashin ya same ta a cinyar baya. Ta faɗi, ta tashi, ta tsaya tana kallona. Ba komai, ai don wannan lokacin na sayi bindigar. Na ja kunama. Shiru. Ƙarfen ya tafi baya rabi ya tsaya, kwanson ya maƙale a bakinsa. Na ja, na buga da gwiwa, na sa haƙori na cire safar hannu. Tana tsaye har yanzu. Ta jira ni, wallahi ta jira ni. Sannan ta bi sauran tana jan ƙafa.

Percy ya kayar da biyu da tsohuwar tasa, harsashi biyu. Ya bar su ya bi jinin tawa, amma iska ta taso ta shafe sawun. Da ya dawo ya karɓi bindigar, ya sa yatsa ciki, ya fito da mai kamar daskararren kitse. Ya dube shi, ya dube ni, ya goge a wandonsa.

"Kamfanin nan ba su san sanyi ba," ya ce.

Ya ce in ɗauki ɗaya cikin nasa, wai rabon abokin tafiya. Na ce a'a, ban cancanta ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Ina ta ganin ta. Dabba ta ba ka kanta ka bar ta da karyayyar ƙafa a wannan sanyi. Baba zai ce ba za su ƙara zuwa gare ni ba, kuma na yarda.

Effie ta shimfiɗa jarida a tebur ta ce, "Maigida, nuna mini inda ake dannewa." Kafin ruwan shayi ya tafasa ta zare ƙarfen. Mun wanke, mun busar. Na gwada a waje, tana aiki sumul. Garke ya riga ya wuce kudu, inda jikina ba zai kai ba.

Na yi ta auna bindigogin biyu a raina. Ɗaya ba ta taɓa cin amanata ba, amma sai da hannu biyu. Ɗaya hannu ɗaya ya ishe ta a daji, amma sai da biyu a gida. Da hannuna ya tsaya cik a harbin farko, da ba a kai ga na biyu ba. Na gaji.

Talata, 5 ga Disamba

Da safe na buɗe zaure na tarar da kwali. Harshe, ƙirji mai kitse, da ƙasusuwan ɓargo an riga an fasa. Yankan wuƙar Percy ne. Ba rabon abokin tafiya ba ne wannan. Irin wanda ake ajiyewa a ƙofar tsofaffi ne, a tafi ba sallama. Ni kaina na sha zaɓa wa mutane masu laushin nan.

Na daɗe a tsaye a kansa. Sanyi ne ya sa na shigo da shi, kar karnuka su samu.

Effie ta yi miya. Na sha kwano ɗaya, ta miƙa hannu, na ba ta ta ƙara.

Na ce in za ta wajen matar Percy ta tafi masa da harsasan nan, na duka bindigogin biyu. Ajiya ce kawai, zaurenmu na da laima.