Wayar da Baba ya ninka

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya tare da iyali. Jikin Mama da sauƙi, sai dai har yanzu ba ta tashi sai an kama ta.

Na daɗe ina juya maganar nan kafin na rubuta. Ranar Asabar na ji ƙaurin roba a baranda, na bi shi har akwatin wutar gidan. Bangon ya yi ɗumi, kuma ka san gadon Mama yana jingine da bayansa. Da na buɗe, sai na tarar Baba ya cire siririyar wayar fis, wadda aikinta ta tsinke in kaya ya yi yawa, ya ninka wayar tagulla mai kauri a madadinta. Yanzu babu abin da zai tsinke. Wayoyin cikin bango ne za su gasu.

Ya haɗa akwatin ne don ɗaukar wuta mai ƙarfin amfiya talatin, lokacin muna da ƙwayayen lantarki da fanka biyu. Da na'urar sanyaya ɗaki, da firji, da tukunyar ruwan zafin da ka aiko, na auna hamsin da biyu. Ba laifinka nake gani ba. Yadda zan gaya wa mutumin da ya ciyar da mu da filaya da aikin lantarki cewa aikinsa ya zama haɗari, shi ne ya hana ni sakat.

Ka gaida yara.
Ƙaninka.

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata ka wuni lafiya.

Na yi wa Baba magana, na tausasa iya iyawata. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce tun kafin in san hannun damana yake cikin aikin wuta, kuma takardar injiniya irin tawa ba ta taɓa ɗaure waya ba. Ya rufe akwatin.

Na aikata abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na kashe wutar, na zare babban fis ɗin, na sa a aljihu. Kwana biyu ke nan. Mama tana jiƙe da gumi, ina yi mata fifita. Baba ba ya amsa gaisuwata. Ɗazu na ga ya ɗauko jakar kayan aikinsa, kuma na san zai iya haɗa wutar ba tare da fis ba. In ya hau tsani, ban san ko zan iya riƙe hannun mahaifina ba.

Ka sa mu a addu'a.
Ƙaninka.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya.

Baba ya hau tsanin. Na tsaya a ƙasa. Da ya jawo wayar ɗakin Mama, sai robarta ta marmashe a tafinsa kamar gawayi. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Bai dube ni ba, ya tambayi kaurin wayar da lissafina ya bayar.

Kamfanin wuta ya sauya babbar wayar shigowa. Mun sa akwati mai ɗaukar amfiya tamanin, kowane ɗaki da makashinsa. Shi ya ɗaure kowace waya, ni ina miƙa kaya.

Da aka zo kunnawa, sai ya ja baya, ya dube ni, ya ce injiniya ya kunna. Ban san ko ba'a ce ba, ban kuma tambaya ba.

Mama tana gaishe ka.
Ƙaninka.