Gaskiyar da na hana Malam Idi

Daren Laraba, Williamsville, Abidjan

Yau daraktan makarantarmu ya tura ni ajin Malam Idi in kalli darasinsa. Abokin mahaifina ne, kuma shi ya koya mini riƙe alli. Awa guda yana zaune yana karanto littafi, yaran baya ba sa ji, biyu har sun yi barci.

Da muka fito ya ce, "'Yata, me kika gani? Kada ki ɓoye mini."

Na rusuna na ce, "Baba, babu gyara."

Ya raka ni har inda zan hau tasin woro-woro yana sa mini albarka. Amma a takardar darakta na rubuta komai da Faransanci, na sa hannu. Gobe za a karanta masa. Na kasa cin abinci. Shi ya roƙe ni gaskiya, na kai wa wani.