Fashin Sallar Gajera

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ƙananan yara. Idan kin tambaye ni, da sauƙi. Gwiwa ce dai da kunne, yadda kika bar su. Saboda kunnen ne ma na ɗauki biro, don maganar da ke tafe da ni ba ta ihu a waya ba ce.

'Yarki Gajera ta girma. Har yanzu da sunan nan nake kiranta, ko da yake ita ke sauko mini da magani daga kan kabad. Ba ta faɗa mini ba. Wata rana da azahar ta ajiye mini buta, ta shimfiɗa mini sallaya, amma ba ta shimfiɗa tata a bayana ba kamar kullum. Da na idar na waiwaya, sai ta ce tana fashin salla, ta shige ɗaki. Na ce to.

Washegari na dogara sanda zuwa kemis. Na daɗe a tsaye ina karanta kwalayen sabulu, har mai kemis ya ce, "Baba, shagon za ka saya ne?" Na faɗa masa abin da nake nema, ya naɗe mini audugar mata a tsohuwar jarida. Na ɗora a kan akwatinta.

Abin da ban gane ba shi ne, al'adar tata ba ta bin wata. Ta zo, ba a jima ba ta sake dawowa. Matar yayanki, da ke kawo mana abinci ranar hutu, ta ce lalaci ne, yarinya ta samu hanyar gudun tashin asuba. Yanzu kuma abin ya ɗauke gaba ɗaya. Lokacin da kika kai shekarunta, marigayiya mahaifiyarki ce ta ji da komai, ni ban ma san an yi ba. Idan da abin da ya kamata in yi, ki rubuto.

Ki gaishe da mutanen gida.

Ni ne,
Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramin naku ya sauka. Saƙonki ya iso. Kin ce kin yi magana da Gajera a waya ta ce miki lafiya lau. Haka take ce wa kowa.

Matar yayanki ta shiga ɗakin yarinyar neman tsintsiya, ta ga ƙunshin auduga na biyu da na saya ko buɗe shi ba a yi ba. Ta yi nata lissafin, ta kai wa mijinta. Suka zo tare da yamma. Ita ta ja yarinyar ɗaki ta rufe ƙofa, shi ya zauna da ni a falo yana kallon silin. Ban ji abin da aka tambaye ta ba, amma na ga fuskarta da suka fito.

Ciki suke zargi. Hujjarsu ita ce tana yin yamma a hanyar makaranta. Na ce layin karɓo mini magani take bi. Yayanki ya ce ba ya musu da ni, amma mutumin da ba ya jin bugun ƙofa ba zai iya tsaron budurwa ba. Ya yanke cewa in an yi hutu za ta koma gidansa, kuma a dakata da makaranta har a ga abin da hali ya yi. Ba na ce matarsa muguwa ce ba. Tsoro take ji, kuma ta saba a yarda da maganarta.

Bayan kwana kaɗan Gajera ta ce mini fashin ya dawo. Ta buɗe ƙunshin, ta ajiye shi inda mai shigowa zai gani. Na yi hamdala, har na yi niyyar aika wa yayanki. Da la'asar na tashi neman tabarau, na bi ta ƙofarta. Labulen bai kai ƙasa ba. Na hango ta a lungun gado, ta shimfiɗa zani, goshinta a ƙasa. Na koyar a makaranta shekaru masu yawa, na sha kama yaran da suka ɓuya don kada su yi salla. Ban taɓa ganin wanda ya ɓuya don ya yi ba.

Ban nuna mata na gani ba. Gobe zan kai ta asibiti da kaina, idan gwiwa ta yarda.

Mahaifinki.

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ni dai ina kwance tun jiya, matakalar asibiti ce ta karɓi hakkinta.

Mun je a motar haya. A kan bencin jira ni kaɗai ne namiji. Wata mai goyo ta matsa mini, ta tambaya ko awo na zo, aka yi dariya, ni ma na yi. Likitar mace ce. Ta ga yarinyar ita kaɗai, aka yi gwaji, sannan ta kira ni. Ta ce babu ciki, babu ciwo. A shekara ɗaya ko biyu na farko jiki bai gama daidaita ba, al'ada takan zo kusa-kusa, takan kuma tsallake wata ko watanni. Ta ce a dawo idan jinin ya yi yawa, ko ya wuce mako, ko ciwon mara ya hana ta harka, ko ya ɗauke fiye da wata uku. Na haifi mata, na aurar da mata, na haura tamanin, sai jiya na san wannan.

Na faɗa wa yayanki. Ya ce alhamdulillahi, ya tambayi gwiwata. Matarsa ta aiko wa yarinyar da sabon mayafi. Babu wanda ya ba ta haƙuri, amma an janye maganar komawa gidansu da ta barin makaranta. Ya ce ta ci gaba da zama da ni.

A mota muna dawowa daga asibiti ne Gajera ta yi magana, fuskarta a taga. Ta ce tun ranar da abin ya ɗauke ta ɗauka jinin taruwa yake yi a cikinta, kuma shi zai kashe ta. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Wa zan faɗa wa, Tsoho? Kai?"

Gaskiyarta. Da maigidanki na farko ya rasu kika sake aure, kin bar mini ita don kada gida ya yi mini faɗi, na kuma ji daɗin haka fiye da yadda na taɓa faɗa miki. Amma wata biyu yarinya tana dafa mini shayi tana jiran mutuwa, ina zaune a falo ina karanta jarida. Akwai sauran tambayoyi a gabanta, kuma uwa ake yi wa su.

Don haka ki nema mata gurbi a makarantar da ke kusa da ku. Na sanar da ita, ta ce ba inda za ta, wai wa zai ba ni magani. Na ce mai kemis ya yarda zai riƙa leƙo ni, abinci kuma gidan yayanki ba su fasa ba. Tun ɗazu take wanke-wanke da ƙarfi, har ni ina jin ƙarar kwanukan.

Ki zo ki ɗauke ta kafin a koma karatu. Idan kin zo kika ji na ce a bar ta zuwa baɗi, kada ki saurare ni.

Allah ya yi muku albarka.

Ni ne,
Mahaifinki.