Butata Ta Dawo

Kai mai digiri,

Jiya ka ba mai sayen tsohon ƙarfe butar shayina, wai taka ta lantarki ce mai kare muhalli. Kana barci na bi sawunsa har rumfarsa. Ni da na ƙetare ambaliya da butar nan a kaina, shi zai gagare ni? Ya ce sai musaya, na miƙa masa taka har da kwalinta.

Ban yi boko ba, amma shekara arba'in buta ɗaya ta ishe ni. Kai butoci uku ka jefa bola bana. Wa ya kare muhallin?

Na kai ta walda, sun karya mata hannu. In shayi kake so, jira mu dawo, ka fara gaishe ta. Ta girme ka.

Babanka