Rigar Ceton da Muka Kulle a Akwati

Zuwa ga Injiniya, Shugaban Sashen Horo da Kiyaye Haɗari na kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata farar hula zuwa jiragen ruwan dakon kayan sojoji, a ofishinsa da ke Ulaya, birnin Riyadh.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukkan waɗanda Allah Ya ɗora maka nauyinsu. Allah Ya ƙara maka ɗaukaka, Ya sa kujerar da kake kai ta zame maka hujja ranar da hujja ke tsada.

Ranka ya daɗe, sunana Habibu, akawu ne ni a wani ɗakin ajiyar kaya, mazaunin Al-Suwaidi. Sau uku ina hawa benenku, sau uku ana ce mini mudir, wato kai shugaba, yana taro, in dawo gobe. Goben ta ƙi zuwa, kwanakin da suka rage mini kuwa sun ƙare. Shi ya sa na fito fili da maganar da na so in faɗa maka a ɗaki. Na sakaya sunanka da na kamfaninku, domin neman gyara ya kawo ni. Na kuma rubuta da Hausa, domin kai Bahaushe ne ɗan'uwanmu, abin da zan faɗa kuwa sai wanda ya sha nono irin namu zai gane shi sosai.

Ina da ƙane, Isiyaku, magidanci mai 'ya'ya uku, gwanin girki. Ni na ji labarin kuna neman masu dafa abinci a jirgin ruwa, ni na kai takardunsa, ni na yi murna ranar da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a Saudiyya, ta koma hannunku. A ƙarshen wannan wata za ku mayar da shi jirgin da ya kusa zama kabarinsa, da irin horon da ya kusa kashe shi. Wannan ita ce damuwata, ba ni da wata.

Na farko, batun horon. An tara su a wani ɗakin ajiya a Al-Sulay, namu na Najeriya da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, daga hantsi zuwa la'asar, yini ɗaya tak. Aka kunna musu bidiyo da Turanci, mafi yawansu ba su ji komai ba sai kiɗan da ke ƙarƙashinsa. Ba su taɓa abin kashe gobara ba, ba su sa abin shaƙar iska ba, ƙafarsu ba ta taɓa ruwa ba sai na alwala. Malamin ya ce wanda bai iya iyo ba ya ɗaga hannu. Yallaɓai, ka san mu. Wane magidanci ne zai ɗaga hannu a gaban ƙannensa ya ce bai iya ba, ga kuma tsoron kada a soke sunansa? Hannu ko ɗaya bai tashi ba. Isiyaku ya ce mini wani dattijo na kusa da shi ya raɗa masa cewa shi ruwan da ya fi sani a duniya shi ne na randa, suka ƙunshe dariya, aka wuce. Da yamma kowa ya fito da takardar shaida mai hatimin zinariya, wai ya ƙware a kan ceton rai a teku.

Ɗan tudu aka kai shi bakin ruwa,
Aka ba shi takarda, babu koyarwa,
Takarda ba ta iyo, ya 'yan'uwa,
In ta jiƙe, ita ce farkon nutsewa.

Na biyu, batun rigar ceto. A ƙarshen yinin an ba kowa tasa, sabuwa fil a cikin leda, da lambarsa a jiki. Jawabi ɗaya aka yi musu a kanta, shi ne kuma kaɗai aka fassara musu da Hausa: wannan kayan kamfani ne, wanda ya ɓatar ko ya lalata, shi ya sani. Ba a ce su buɗe ba. Ba a nuna musu yadda ake ɗaura ta ba, balle inda ake rataye ta.

Isiyaku ya kawo ta ɗakina yana riƙe da ita kamar jaririn wani. Ni kuma, babban yaya mai ilimi, mai karanta littattafai, na zaunar da shi na yi masa wa'azi a kan amana. Na ce masa mu a gidanmu ba a san mu da wasa da kayan mutane ba. Na tuna masa yadda mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yake mayar da garmar aro ta fi yadda ya karɓo ta kyau. Sannan na sauka shagon da ke ƙasan gidanmu na sayo masa kwaɗo mai ƙarfi. Da hannuna na shimfiɗa rigar a ƙasan akwatinsa, a cikin ledarta, na ɗora kayan Sallarsa a kai, na datse. Daga baya na ji cewa kusan duk mutanenmu da ke jirgin haka suka yi. Abin da aka ce mana amana ne, ɓoye shi muke yi, ba mu barinsa a rataye inda kowa zai taɓa.

Na sayi kwaɗo don in tsare amana,
Ashe na kulle numfashin ƙanena.

A cikin jirgin ana yin atisayen gaggawa, ban musa ba. Amma duk ranar da aka yi, sai a ce masu girki su tsaya a kan tukunya kada abinci ya makara, a sa musu alama a takarda cewa sun halarta. Wata bakwai Isiyaku ya yi a teku bai san bambancin ƙarar gobara da ƙarar barin jirgi ba. Bai san inda ake taruwa ba. Bai san inda zai ɓuya ba in an kawo hari, alhali jirgin nan man fetur yake ɗauka, da wasu kayan da ba a gaya wa kuku sunansu.

Ranar da wuta ta tashi a ɗakin inji, bayan la'asar ne, yana yanka albasa. Ƙararrawa ta ɗauka, ya ga ma'aikata suna gudu sama, kowa da rigarsa a jiki. Shi sai ya yi ƙasa, wajen akwati. Ya isa ɗaki, ya tuna makullin yana aljihun wandon da ya rataye a kicin. Hayaƙi ya riga ya cika hanya. Ya tsuguna yana dukan kwaɗon da takalmi, kwaɗon da na zaɓa saboda ƙarfinsa, har numfashi ya gagare shi. Wani ma'aikacin inji, wanda ko yarensu ba ɗaya ba, shi ya lura babu kuku, ya koma ya jawo shi. Allah Ya saka wa wannan bawa da alheri. An kashe wutar, ba a rasa rai ba, Isiyaku ya yi mako uku a asibiti. Har yau in ya hau bene sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango.

Na uku gajere ne. Rahotonku a kan gobarar ya ce Isiyaku ya saɓa ƙa'idar da aka horar da shi a kanta. Wace ƙa'ida, ranka ya daɗe? Guda ɗaya aka gaya masa da harshen da yake ji, ita ce kuwa ya bi har ta kusa kai shi lahira.

Ba ni da ƙorafi a kan sojojin da ake kai wa kaya, su an horar da su, sun san abin da suka shiga. Kukana a kan farar hular da ke dafa abinci da share bene a jirgi ɗaya da su ne. Wuta ba ta tambayar wa ke da kaki.

Na san matsayina. Ba ni da lauya, ba ni da wani babba a sama. Isiyaku ba zai iya ƙin tafiya ba, kafil ɗinsa, masu riƙe da izinin zamansa, ku ne, bakuna huɗu kuma suna jiransa a gida. Ina zaunar da shi a ɗakina muna kallon yadda ake ɗaura rigar ceto a waya, muna gwadawa da igiya a kan matashin kai, makaho yana jan makaho. Iyo kuwa, a ina zan koya masa a garin da ba shi da kogi?

Don haka nake roƙo, ba umarni ba, domin wanda ke ƙasa ba ya umarni. A ɗage tafiyarsa, da ta sauran, har sai an sa su a ruwa na gaske da rigar a jikinsu, ba a fafe gora ranar tafiya. A samo mai yi musu bayani da Hausa, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, inda kunya ba za ta amsa a madadinsu ba. A sauke tukunya ranar atisaye, abinci ya makara. A goge laifin da aka rubuta wa Isiyaku. In duk waɗannan sun yi nauyi, to ga mai sauƙi wanda bai fi ƙarfin kujerarka ba: ka sauka Al-Sulay da kanka, ka tsaya a gabansu, ka ce musu da bakinka su yage ledar.

Allah Ya ba ka ikon yin gaskiya, Ya tsare ka da zuriyarka daga wuta da ruwa, kada Ya nuna maka ranar da za ka tsaya a bakin gadon ƙanenka kana neman abin faɗa. Allah Ya sa ka gama lafiya.

Jiya bayan sallar Azahar Isiyaku ya miƙo mini wata takarda a ninke. Wasiyyarsa ce. Ya ce, cikin dariya, in duba masa rubutun, tunda ni ne malamin gidan, kada a karanta a gaban jama'a a ga kuskure. Ranka ya daɗe, na karɓa, na gyara masa.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Habibu, yayan Isiyaku,
Al-Suwaidi, Riyadh.